Babi na Uku: Tarihin Noman Inabi da Masana'antar Giya a Ƙasar Aljeriya

3.0 Gabatarwa

A shekarar 1960 babu wata ƙasa a duniya da ta kai Aljeriya fitar da giyar inabi zuwa waje. Abin da ke fita daga tashoshin jiragen ruwanta ya zarce na Faransa da Italiya da Sipaniya idan an haɗa su wuri guda. Wannan abin mamaki ne, domin kuwa kusan kashi 90 cikin ɗari na mutanen ƙasar a lokacin Musulmi ne, waɗanda addininsu ya haramta masu shan giya da yin ta da cinikinta. A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda wannan masana'anta ta kafu a zamanin mulkin mallakar Faransa, da dalilan da suka sa ta bunƙasa, da kuma yadda ta durƙushe bayan samun 'yancin kai. Za a nuna cewa tun daga tashinta har zuwa faɗuwarta, bukatar kasuwar Faransa da dokokin da ake yi a birnin Faris su ne suka riƙa juya ta, alhali kuwa manomin Aljeriya shi ya biya farashin, da farko da gonarsa, daga baya da ƙarfinsa. Ma'aunin da za a yi amfani da shi wajen fili shi ne hekta, wajen giya kuwa hektolita, wato lita 100.

3.1 Inabi a Aljeriya Kafin Zuwan Faransawa

Itacen inabi ba baƙo ba ne a Arewacin Afirka. An noma shi tun zamanin Finikiyawa da daular Kartaj, haka kuma Rumawa sun noma shi sun yi giya da shi. Har yanzu akwai zane-zanen duwatsu na zamanin Rumawa a garin Sharshal da ke nuna manoma suna aiki a gonakin inabi. Bayan da Musulunci ya kafu a yankin daga ƙarni na 7, sai yin giya ya ja baya ƙwarai, amma noman inabi bai mutu ba. An ci gaba da shuka shi a lambuna da gefen duwatsu domin a ci 'ya'yansa ɗanye ko a shanya su su zama zabibi. 'Yar giyar da ake yi kuwa yawanci a hannun Yahudawa da Kiristocin birane take. An ƙiyasta cewa lokacin da sojojin Faransa suka kama birnin Aljiyas a 1830, duk gonakin inabin ƙasar ba su wuce hekta 2,000 ba. Abin da mutane suka dogara a kai shi ne alkama da sha'ir da zaitun da ɓaure da dabino da kiwon tumaki.

3.2 Ƙwace Ƙasa da Zuwan 'Yan Kama-Wuri-Zauna

Ba za a fahimci tarihin giya a Aljeriya ba sai an fara duba tarihin ƙasar noma. Bayan da Amir Abdulƙadir ya miƙa wuya a 1847, Faransa ta ayyana Aljeriya a matsayin wani yanki na ƙasarta a 1848, ta kasa ta larduna uku: Aljiyas da Oran da Kustantin. Tun kafin wannan lokaci hukuma ta riga ta ɗora hannu a kan filayen sarakunan Turkawa da kuma filayen waƙafi na masallatai da makarantu, tana raba wa Turawan da suka zo zama. Dokar 1863 ta shata iyakokin filayen ƙabilu. Bayan tawayen Muhammad al-Muƙrani na 1871, an ƙwace kusan hekta rabin miliyan a matsayin horo, aka kuma ɗora wa ƙabilun da suka yi tawayen tara mai nauyi. A cikin shekarar ne aka keɓe hekta 100,000 domin mutanen Alsas da Loren da suka baro garuruwansu bayan da Jamus ta cinye Faransa da yaƙi. Sai kuma dokar Warnier ta 1873, wadda ta mai da gandun da dangi suka mallaka tare ya zama kason mutum ɗai-ɗai. Da wannan doka, da zarar Bature ya sayi kason magaji guda, yana iya zuwa kotu ya nemi a raba gandun ko a yi gwanjonsa baki ɗaya, kuma sau da yawa kuɗin shari'a kaɗai ya isa ya raba dangi da gonarsu.

Duk da wannan fili da suka samu, Turawan farko ba su ci wata riba ta a-zo-a-gani ba. Sun gwada auduga da taba da alkama, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kashe da yawa daga cikinsu a fadamar Mitija. Waɗanda suka fara nuna cewa inabi zai karɓi ƙasar su ne wasu 'yan zuhudun Kirista na ɗariƙar Tirafis da suka kafa gidan ibada da babbar gona a Sitawali, yamma da Aljiyas, a 1843. Amma zafin ƙasar ya zame wa masu yin giya matsala. Yadda ake yin giya shi ne a matse inabi a bar ruwan a cikin manyan randuna, ƙwayoyin yis su cinye zaƙin su mai da shi barasa. Wannan aiki da kansa yana haifar da zafi, kuma idan zafin ya doshi digiri 40 sai yis ɗin ya mutu tun aiki bai kammala ba, giyar ta yi tsami ta lalace. Saboda haka har zuwa wajen 1880 gonakin inabin Aljeriya ba su wuce hekta 20,000 da 'yan kai ba, kuma Turawan da ke zaune can daga Faransa da Sipaniya ake kawo masu yawancin giyar da suke sha.

3.3 Annobar Filoksera a Faransa

Abin da ya sauya al'amarin ba a Aljeriya ya faru ba. A 1863 manoman kudancin Faransa suka fara ganin itatuwan inabinsu suna yin rawaya suna bushewa ba tare da sanin dalili ba. A 1868 wani masanin tsirrai na birnin Mompeliye mai suna Jules-Émile Planchon da abokan aikinsa suka tone saiwar itatuwan, suka tarar da wani ɗan ƙwaro mai kama da kwarkwata yana tsotse ta. Wannan ƙwaro, wanda aka sa wa suna filoksera, daga Amurka ya shigo cikin dashen da aka kawo. Ya bazu daga lardi zuwa lardi kamar wutar daji. A 1875 Faransa ta yi giya hektolita miliyan 84, amma a 1889 abin da ta samu bai kai miliyan 24 ba. Daga ƙarshe an gano magani, wato a yi wa itacen aure: a ɗauko reshen inabin Turai a ɗaura shi a kan gindin inabin Amurka, wanda saiwarsa ke jure ƙwaron. Sai dai sake dasa gonakin ƙasa guda aiki ne na shekaru masu yawa da kuɗi mai yawa.

A wancan zamani giya tana cikin abincin yau da kullum na leburan Faransa da sojanta, kuma hukuma na samun haraji mai tsoka daga gare ta. Don haka dole aka nemi inda za a cike giɓin. Da farko an sayo daga Sipaniya da Italiya, amma 'yan siyasa suka ga babu dalilin da za a ba baƙi kuɗin alhali ga Aljeriya. Abubuwa huɗu suka haɗu a nan. Na farko, manoman kudancin Faransa da annobar ta tsiyata sun ƙetaro teku da iyalansu da sanin sana'arsu. Na biyu, Bankin Aljeriya da sauran bankuna sun buɗe ƙofar rance ga duk Baturen da zai dasa inabi, wanda ke bukatar shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara ba da amfani. Na uku, an cire kuɗin fito tsakanin Aljeriya da Faransa, sa'an nan aka tsawwala shi a kan giyar Italiya a 1888, da ta Sipaniya da sauran ƙasashe a 1892. Na huɗu, a shekarun 1890 an samu na'urorin sanyaya ruwan inabi yayin da yake tsimuwa, abin da ya kawar da matsalar zafi. Kafin shekarar 1900 gonakin inabi sun kai wajen hekta 150,000, giyar da ake yi kuma ta kai kimanin hektolita miliyan 5.

Ƙwaron bai ƙyale Aljeriya ba. An fara ganinsa a 1885 a yankin Tilimsan, mahaifar Shehu Magili, daga nan ya bi sauran yankuna a hankali. Ƙananan manoman Turawa da suka jinginar da gonakinsu ba su iya ɗaukar nauyin sake dashe ba, musamman da farashi ya faɗi a farkon ƙarni na 20. Bankuna suka karɓe gonakin, masu hannu da shuni suka saye su. Ta haka sana'ar ta tattara a hannun manyan kamfanoni da 'yan tsirarun gidaje. Alal misali, gonar 'yan zuhudun Sitawali ta koma hannun gidan Borgeaud a 1904, kuma wannan gida ya zama ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi a siyasar Turawan Aljeriya har zuwa ƙarshen mulkin mallaka.

3.4 Bunƙasar Masana'antar da Rikici da Manoman Faransa

Yawancin giyar Aljeriya ba a sayar da ita da sunanta. Bayan annobar, manoman yankin Langedok na kudancin Faransa sun dasa wani irin inabi mai suna Aramon, mai yawan 'ya'ya amma giyarsa tsararo ce, ba launi, ƙarfin barasarta bai wuce kashi 7 ko 8 cikin ɗari ba. Ita kuwa giyar yankunan Oran da Maskara da Mustaganim da Sidi Bel Abbas, wadda ake yi da irin Karinyan da Sanso da Alikante, rana ta dafa inabinta sosai, don haka tana da duhu, ƙarfinta kuma yakan kai kashi 12 zuwa 14. Sai 'yan kasuwa su yi jigilarta a jiragen ruwa zuwa tashoshin Set da Marsel da Ruwan, su gauraya ta da ta Faransa, a sayar wa ma'aikata a birane. Faransawa har suna yi mata laƙabi da giya mai magani, domin ita ke gyara mai rauni. Ma'anar wannan ita ce masana'antar Aljeriya ba ta da sunan kanta a kasuwa, kuma mai sayenta guda ɗaya ne tak.

Da gonakin Faransa suka farfaɗo, sai giya ta yi wa kasuwa yawa. Ga ta gida, ga ta Aljeriya, ga kuma ta jabu da ake haɗawa da sukari da ruwa. Farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoman Langedok suka yi bore ƙarƙashin jagorancin Marcelin Albert. A ranar 9 ga Yuni fiye da mutum rabin miliyan suka taru a Mompeliye, bayan kwana goma kuma sojoji suka buɗe wuta a garin Narbon aka rasa rayuka, har wata rundunar soja ta 'yan yankin ta yi tawaye. Gwamnati ta yi dokar hana algus a cikin watan. Amma game da giyar Aljeriya hannunta a ɗaure yake, domin a doka Aljeriya Faransa ce, ba a kuwa sa wa lardi kuɗin fito.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an sake yin rububin dashe. A tsakiyar shekarun 1930 gonakin inabin Aljeriya sun kai kusan hekta 400,000, giyar kuma ta kai wajen hektolita miliyan 20 a shekara mai albarka. Ita ce ke kawo kimanin rabin kuɗin duk kayan da ƙasar ke fitarwa. Wakilan manoman kudu a majalisar Faransa suka matsa lamba har aka yi dokar 1931, wadda ta hana masu fiye da hekta 10 ƙara sabon dashe, ta kuma ɗora haraji a kan masu samun amfani mai yawa. Tun da manyan gonaki a Aljeriya suka fi yawa, kowa ya san inda aka dosa. A 1935 kuma aka kafa tsarin tantance asalin giya, wanda ya ƙayyade yankin da kowace giya mai suna za ta fito da irin inabin da za a yi ta da shi. Ɗaya daga cikin dalilan wannan tsari shi ne kare sunan giyar yankuna kamar Bodo da Burgundi daga gauraye. Wannan tsari ne daga baya ya zama abin koyi ga dokokin giya na Tarayyar Turai.

3.5 Matsayin Manomi Musulmi

Kafin a fara yaƙin neman 'yanci a 1954, Turawa sun mallaki kimanin hekta miliyan 2.7 na ƙasar noma, kuma mafi kyawunta ce, wato filayen bakin teku masu samun ruwan sama. Mafi yawan gonakin inabi nasu ne. Akwai Musulmi da suka shuka inabi, musamman a yankin Mustaganim, amma gonakinsu ƙanana ne, kuma dole su kai amfaninsu wurin matsar Bature. Sauran jama'a kuwa an tura su tuddai da ƙasa mai tsakuwa. Yawan mutane ya riƙa ƙaruwa, hatsin da ke isa ga kowane baki yana raguwa.

Gonar inabi tana cin aiki ninkin-ba-ninkin gonar alkama. Akwai datse rassa da hunturu, da kaftu, da feshin farar wuta da maganin tagulla saboda cututtukan ganye, sa'an nan ga tsinka a watannin Agusta da Satumba. Wannan ya sa manomin da aka raba da gonarsa, ko wanda da yake noma a ba shi humusin amfani, ya koma ɗan ƙodago a gonar inabi. Da farko ayyukan da ke bukatar ƙwarewa, kamar datsa da yi wa itace aure da kula da randuna, a hannun Turawa suke, musamman mutanen Sipaniya a lardin Oran. A hankali 'yan ƙasa suka koyi datsa da aure, amma sarrafa giyar da cinikinta ba su bar hannun Turawa ba. Da kaka kuma dubban 'yan ci-rani kan gangaro daga duwatsun Kabiliya da yankin Rif na Maroko, abin da ya sa lada bai taɓa tashi ba. Aikin na 'yan watanni ne, sauran shekara kuwa zaman kashe wando. Bugu da ƙari, dokar 'yan ƙasa ta 1881 ta hana Musulmi barin yankinsa ba tare da takardar izini ba.

Ke nan gonar inabi ta zame wa talakan Aljeriya gaba kura baya sayaki. A kan ƙasar kakanninsa take, abin da ake yi da amfaninta haram ne a addininsa, amma kuma ita ce babbar mai ba shi aikin lada a karkara. Wannan ya sa masu kishin ƙasa suka ɗauke ta a matsayin tambarin mulkin mallaka. A lokacin yaƙi, mayaƙan ƙungiyar FLN sun hana mabiyansu shan giya, sun kuma riƙa sassare itatuwan inabi a gonakin Turawa da dare.

3.6 Bayan 'Yancin Kai

Aljeriya ta samu 'yanci a watan Yulin 1962, kuma a cikin 'yan watanni kusan Turawa miliyan ɗaya suka bar ƙasar. Tare da su aka rasa masu shan giyar a cikin gida da kuma ƙwararrun da ke sarrafa ta. Leburori suka ci gaba da gudanar da gonakin da aka bari, gwamnatin Ahmad Ben Bella ta halatta wannan tsari da dokokin watan Maris na 1963, a watan Oktoba kuma ta mai da sauran gonakin Turawa mallakar ƙasa. Gonar Borgeaud na cikin waɗanda aka fara karɓewa, aka sauya mata suna zuwa Bushawi. Sabuwar ƙasar ta gaji fiye da hekta 350,000 na inabi, kuma bayan man fetur babu abin da ke kawo mata kuɗin waje kamar giya.

A 1964 Faransa ta yi alkawarin ci gaba da sayen giyar na wasu shekaru, amma yanzu Aljeriya ta zama ƙasar waje, kariyar da doka ta ba ta a da ta kau. Manoman kudancin Faransa suka tayar da ƙayar baya, gwamnati ta riƙa rage abin da take saye, wani lokaci ta dakatar gaba ɗaya. Rumbunan giya suka cika maƙil, ga sabuwar kaka na tafe. A 1968 gwamnatin Huwari Bumadiyan ta kafa hukumar cinikin giya ta ƙasa, ta kuma ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet ta sayen kimanin hektolita miliyan 5 a kowace shekara, amma a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na Faransa. A 1970 dokar giya ta Kasuwar Tarayyar Turai ta hana gauraya giyar ƙasashen ƙungiyar da ta waje, wato ta rushe ainihin aikin da aka gina masana'antar Aljeriya dominsa. Da Bumadiyan ya karɓe kaso mafi tsoka na kamfanonin man Faransa a ranar 24 ga Fabrairun 1971, dangantaka ta ƙara tsami, ƙofar kasuwar giya ta ƙara rufewa. Daga wannan shekara aka shiga tumɓuke itatuwan inabi gadan-gadan.

Tumɓukewar ba ta haifar da abin da aka yi fata ba a ko'ina. A filayen da ke da ruwa an samu maye gurbin inabi da hatsi da ciyawar dabbobi da itatuwan marmari. Amma a tuddan yammacin ƙasar, inda ruwan sama ke da ƙaranci, inabi ya fi alkama jure fari saboda zurfin saiwarsa, don haka alkamar da aka shuka ba ta yi albarka sosai ba, ƙasa kuma ta riƙa zaizayewa. Tun da alkama ba ta bukatar hannaye da yawa, dubban leburori suka rasa aiki suka kwarara birane. Kafin ƙarshen shekarun 1990, bayan rikicin cikin gida da ya addabi karkara, gonakin inabi sun koma ƙasa da hekta 100,000, giyar da ake yi kuma ba ta kai hektolita miliyan ɗaya a shekara ba. Mafi yawan inabin da ake nomawa a ƙasar tun daga lokacin na ci ne. A can Faransa ma fitar giyar Aljeriya ba ta kawo wa manoman Langedok sauƙi ba, domin giyar Italiya ce ta maye gurbinta, har aka yi arangama a Montredon a 1976 inda manomi guda da jami'in 'yan sanda guda suka rasa rayukansu.

3.7 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa masana'antar giya ta Aljeriya ta tashi ne saboda annobar da ta auka wa gonakin Faransa, ta girma a ƙarƙashin kariyar kuɗin fito da rancen bankuna, a kan ƙasar da aka ƙwace da dokokin 1863 da 1873 da horon 1871. An kuma ga cewa dokokin da suka taƙaita ta a 1931, da waɗanda suka rufe mata kasuwa a 1970, duk a Turai aka yi su domin biyan bukatar manoman Turai. A cikin shekaru kusan 90 da masana'antar ta yi tana tashe, ba a taɓa gina mata wata kasuwa ban da ta Faransa ba, ba a kuma horar da 'yan ƙasa su riƙe sarrafawa da ciniki ba. Saboda haka gwamnatin da ta karɓi mulki a 1962 ta tarar da amfanin gona wanda yawancin jama'arta ba sa sha, wanda mai sayensa ya juya masa baya, wanda kuma tumɓuke shi ke nufin raba dubban magidanta da abincinsu. A babi na gaba za a duba yadda tsarin gudanar da gonaki na leburori ya kasance a tsakanin 1963 da gyaran dokar ƙasar noma na 1971.